Telan da Ya Yanke Ranakun Hutu

Ranar da aka haifi Zare, an ce sai da ungozoma ta karkaɗe zani sau biyu kafin ta gan shi. Tun daga ranar bai ƙara wani abin kirki a jiki ba, tsawo kawai yake yi. Yana ɗan makaranta, in hadari ya taso, malamai kan sa shi a tsakiyar layi don kada a je nemansa bayan katanga. Ya girma, ya yi gemu, ya yi aure, amma har yau in ya juya gefe sai ka ɗauka ya fita daga ɗakin. Sunansa na gaskiya yana nan a katin asibiti. A dangi kuwa, daga masu rarrafe har masu furfura, Zare ake ce masa, shi ma in ka kira shi da wancan sunan sai ya waiwaya ya ga da wa ake.

Tela ne ɗan tela. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar benen da suke haya, wani lungu da in ya buɗe hannu zai taɓa bango da bango. Keken ɗinki ɗaya, teburin yanka, dutsen guga, sai tulin yadin mutane da ya kusa taɓa rufi. Hannunsa na da kyau, wannan ko mai jin haushinsa ya sani. Aibinsa ɗaya ne. Kawo masa ɗinki wata guda kafin bikinka, zai karɓa da fara'a, ya auna ka, ya rubuta, ya ɗora yadin a kan tulin. Ba zai sake kallonsa ba sai saura kwana uku. A kwana ukun nan sai ya koma aljani, keke na kuka, almakashi na cin yadi, aikin wata ya dunƙule wuri ɗaya, kuma abin haushi ya fito cas a jikinka. Shekara goma sha biyar yana haka bai taɓa jin kunya ba. Shi ya sa ya yarda har cikin ɓargonsa cewa babu aikin da ba ya matsuwa. Lokaci a wurinsa robar wando ce.

A hawa na uku suke zaune, shi da matarsa mai cikin wata bakwai, da Baba. Baba ya yi shekara arba'in a kan keke kafin ciwon baya ya karɓe masa ƙafafu. Daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai a ɗaga a ajiye. Kai da hannu da baki kuwa lafiya lau, musamman bakin. Gadonsa na jikin taga, a ɗakin da matarsa ta yi jinyarta ta ƙarshe, daga nan yake kallon titi yana yi wa rigar duk wanda ya wuce gyara. Kullum Zare kan hau masa da ɗinkin da ya gama, Baba ya sa maɓalli da hannu, ya juya rigar ciki da waje, ya ce, "Wannan kafaɗar ta mutum ce ko ta raƙumi?" Zare ya yi ƙunƙuni ya sauka ya warware. In kwana ya wuce ba a zage shi a kan kafaɗa ba, abinci ba ya masa daɗi.

Baba kuma ba ƙaramin mutum ba ne. Duk ƙibar da aka rubuta wa gidan, shi ya karɓe tun kafin a haifi ɗansa.

Duk bayan sati biyu, ranar Alhamis, ana kai shi asibiti a gasa masa ƙafafu a miƙe su. Tsakanin gadonsa da titi akwai matakala hamsin da huɗu, sirara, masu kwana shida. An taɓa gwada saukar da shi a kujera, samari biyu na layin suka ɗauka. A kwana ta biyu kujerar ta karkace, hularsa ta gangara har ƙasa, rigarsa ta yaye, matan hawa na biyu suna tsaye. Babu wanda ya yi dariya, amma Baba ya rantse babu baƙon hannun da zai sake taɓa shi. Mutum ɗaya ya yarda da shi, maƙwabcinsu Mai Walda, wanda ya tashi a gabansa, wani ƙato da in ya tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Shi ke goya Baba ya sauka da shi suna hira, ya dawo da shi suna hira.

To, sai Mai Walda ya samu aiki a wani kamfani mai nisa. Alhamis ɗaya ta rage masa a gidan.

Da jin labari Yaya ta iso. Ita ce babbar 'yar Baba, tana aure a wani gari mai tafiyar awa huɗu, gidanta na ƙasa, asibiti a bayan layinsu. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta ce, "To yanzu wa zai riƙa sauko da shi?"

"Ni," in ji Zare.

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Bai ɗau lokaci ba, don babu faɗin da za a duba.

"Kai? Kai da in ka ɗauko bokitin ruwa ba a gane wa ke ɗauke da wani?"

"Yaya, ƙarfi ai ba a nama yake ba."

"A ina yake, a gemu? Ka ji ni da kyau, ba mugunta nake yi ba. A gabanka likita ya ce in ya rasa gashi sau biyu ƙafafun za su ƙage, ko zama ya gagare shi. Ina da ɗaki a baya, na sa an share."

Baba bai juyo daga taga ba. Ya ce, "In aka fitar da ni daga ɗakin nan da jakata, ba zan dawo ba. Na san kaina."

Yaya ta share ido da gefen mayafi, ta yi kamar ƙura ce. Sannan ta yanke magana. Alhamis ɗin asibiti ta farko bayan tafiyar Mai Walda, wato nan da kwana ashirin da ɗaya, za ta zo da mota. In Zare ya sauko da Baba a bayansa ya kuma mayar da shi, ta bar maganar har abada. In ya kasa, a ɗauko jaka.

Washegari da safe Zare ya tsaya a gaban mai baza littattafai a ƙasa kusa da tashar mota. A can gefe, tsakanin littafin fassarar mafarki da na koyon tuƙi, ya hango wani mutum a bangon wani littafi, ba riga, ƙirjinsa kamar akwatin kaya biyu. Littafin ya yi alkawarin ƙarfi a sati goma sha biyu, ba ƙarfe, ba na'ura, da nauyin jikinka kawai. Wannan na ƙarshen ya ɗan tayar masa da hankali, don bai san ko nasa jikin na da nauyin da zai isa ba. Ya saya dai.

A teburin yanka ya buɗe shi. Kowane shafi rana ɗaya ce, da zane da lamba. Ga na kifa ciki a ture ƙasa da hannu, ga tsuguna ka tashi, ga sandarewa a kan gwiwar hannu kamar katako, ga kama ƙarfe ka ja jikinka sama. Kwana huɗu a sati ana aiki. Sauran kwana ukun, shafin fari fat, kalma ɗaya a tsakiya: Hutu.

Zare ya ɗauko alli ya yi lissafi a kan tebur, irin lissafin da ya saba. Ranakun aiki arba'in da takwas ne kacal. Shafi uku a rana, safe, rana, yamma, kwana goma sha shida an gama, har da rarar kwanaki. Ya ji wani sanyi a ransa. Ya ɗauki almakashi ya bi shafukan hutun ɗaya bayan ɗaya ya yanke su tsaf, don kada su riƙa ruɗa shi.

Matarsa ta sauko da abinci ta tarar da tulin fararen takardu. Ta ɗauki ɗaya ta juya.

"Tela, wanda ya rubuta hutun nan fa ba mahaukaci ba ne."

"Mai littafin ba shi da Yaya," in ji shi.

A filin da ke gaban ƙofarsu, inda matakala ta ƙare, nan ya mayar wurin atisaye. Ranar farko ya kifa ya ture ƙasa sau biyar, ƙasa ba ta san ana yi ba. Ƙadangarun katanga suka taru suna kallo, ɗaya ma ya yi goma a jere ya tafi, don wulaƙanci. Da rana ya yi shafi na biyu, da yamma na uku. Baba na jin ƙirga ta ƙofa.

"Wa ke naƙuda a waje?"

"Ni ne, Baba."

"Na ɗauka matarka ce lokaci ya yi."

Kowace safiya kafin ya wanke ido sai ya naɗa tef ɗin awo a damtsensa, don tela bai san wata shaida ba sai inci. Inci tara. Washegari tara. Rana ta biyar, goma. Rana ta shida, goma da rabi. Ya shiga ɗaki da tef ɗin a hannu kamar wanda aka yi wa bushara, ya nuna wa matarsa. Ta latsa wurin da yatsa, ya yi tsalle har ya bugi ƙofa.

"Wannan ai kumburi ne," ta ce.

"Haka ƙarfi ke farawa."

Rana ta bakwai Mai Walda ya zo ɗaukar Baba karo na ƙarshe. Ya tarar da Zare yana saukowa da baya da baya, yana dafa bango, ƙafafu a buɗe kamar wanda ya yi kwana uku a kan jaki. Bayan an dawo daga asibiti ya ja shi gefe, ya karɓi littafin, ya jujjuya.

"Littafin ba laifi. Ina sauran?"

"Babu komai a cikinsu."

"Zare, ni ko ƙarfe na dafa sai na bar shi ya huce kafin in ɗora masa nauyi. Jiki ba lokacin da kake yi yake ƙaruwa ba, sai ka kwanta."

"Ka kwanta min, ni ba ni da lokaci."

Mai Walda ya mayar masa da littafin. Ya nuna masa yadda ake saka hannu a ƙarƙashin cinyar mara lafiya, yadda ake tashi da ƙafa ba da baya ba, da inda ake tsayawa a ja numfashi a kowace kwana. Ya dafa kafaɗarsa da zai tafi, Zare ya cije leɓe don kada ya yi ƙara.

Daga nan lambobin littafin suka fara hauka. Abin da aka tsara wa mai sati shida, Zare ya iske shi a kwana na takwas. Ture ƙasa talatin, tsuguna ka tashi sittin, sau uku a rana. Yana yi yana ganin ɗakin bayan nan da Yaya ta sa aka share, ɗakin da ya sani sarai, tagarsa na kallon bangon maƙwabta, ba titi, ba rigar da za a yi wa gyara. In hannu ya ƙi tashi sai ya tuna da wannan bangon, ya ƙara ɗaya.

Rana ta tara hannayensa suka ƙi miƙewa, suka lanƙwashe a gwiwa kamar mai ɗauke da tire. Ya zauna a keke, ƙafa ta ƙi taka feda. Ya ɗauki zare zai zura a allura, ya yi ta caka iska har hawaye suka zubo masa. Wata mata da ta zo karɓar kayan makarantar 'ya'yanta ta leƙo ta gan shi, ta fasa faɗan da ta zo da shi, ta ce Allah ya sawwaƙe ta juya. Duk da haka ya hau sama ya yi shafin yamma, rabi a kan gwiwa, rabi da goshi.

Rana ta goma sha ɗaya ya fito daga banɗaki fuskarsa ta canja. Matarsa ta tsare shi sai da ya faɗa. Fitsarinsa ya koma kalar shayin da ba a sa wa madara ba. Ba ta tsaya gardama ba, ta jawo mayafi, ta tasa shi gaba, mai cikin wata bakwai tana riƙe da mai neman goya ƙato.

Likita ta saurari labarin, ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta ce a sake faɗa mata adadin shafukan. Aka ɗaura masa ruwa leda uku. Ta ce naman jikinsa ne ya farfashe yake fita ta ƙoda, da ya ƙara kwana biyu da wata maganar ake yi. Sati biyu kada ya ɗaga abin da ya fi cokali nauyi.

"Likita, kwana goma nake da su."

"Ƙoda biyu kake da su," in ji ta.

Aka shimfiɗa masa tabarma a gefen gadon Baba, don matar ta riƙa kai ruwa wuri ɗaya. Uba a sama, ɗa a ƙasa, kowa sai an juya shi. Kada ku ce an ƙara gishiri, har cokalin ma ranar farko da hannu biyu ya ɗaga shi.

Rana ta biyu da kwanciyarsa Baba ya ce da matar Zare, "'Yata, miƙo min littafin nan da ya kashe min yaro."

Ya sa tabarau ya bi shi shafi shafi, a hankali, yadda yake duba ɗinki. Ya sa yatsa a kan guntayen da almakashi ya bari a tsakiya.

"Nan mene ne?"

"Hutu ne, Baba."

"Kai ka yanke?"

Zare ya gyaɗa kai.

"In ka yanka riga daidai da awon mutum, ba ka bar ko rabin inci a baki ba, me zai faru?"

"Za ta ɓarke a ɗinki."

"Tun kana ina nake gaya maka wannan?"

"Tun ina tsayawa a kan benci."

"To mutumin nan ya bar maka rara, ka ga kamar ɓarnar yadi ce." Baba ya rufe littafin ya ɗora a ƙirji. "Laifina ne. Shekara goma sha biyar ina kallonka kana aikin wata a kwana uku, ina zagin kafaɗa, ban taɓa zagin wannan ba, don yana fitowa."

Zare ya juya fuska ga bango. Juyawar ma sai da ta ɗauke shi minti guda. Kafaɗunsa suka riƙa motsi, Baba ya yi kamar yana kallon titi.

A kwanakin da suka rage babu ƙofar da bai ƙwanƙwasa ba daga kwance. Ya aika matarsa ta tambayi mai gidan ko akwai ɗaki a ƙasa, aka ce duk shaguna ne. Ya buga wa Mai Walda, ya ce sabon aiki ne, ba a ba shi ko rabin yini. Ya roƙi Baba ya bar wani ɗan dako ya ɗauke shi, a ɓoye, kafin Yaya ta iso. Baba ya ce, "Sai kuma wata Alhamis ɗin? Za ka yi ta yi wa yayarka ƙarya da bayan wani?" Har igiya da taga ya yi tunani, ya auna tsawon da ido, ya tuna nauyin Baba, ya bari.

Alhamis ta zo. Hannu ya miƙe, fitsari ya washe, amma tef ya koma inci takwas da rabi, ƙasa da inda aka fara. Ƙarfe takwas motar Yaya ta tsaya. Ta hau tana haki, ta gaida Baba, ta dubi ƙaninta, ta ga abin da ya rage.

"Zare, an gaya min komai. Ka bari. Ba sai ka gwada ba."

"Kin ce in na sauko da shi."

Ya tsuguna a bakin gado ya ba da baya. Matarsa ta kama ƙofa da hannu biyu. Baba ya daɗe yana kallon bayan nan, mai kama da allon guga, sannan ya gyara hula, ya rungumo wuyansa. Zare ya saka hannu ƙarƙashin cinyoyin, ya ja numfashi, ya tashi da ƙafa ba da baya ba.

Ya miƙe. Wallahi ya miƙe. Taku shida zuwa ƙofa, taku uku zuwa bakin matakala. Ya sauka ɗaya. Biyu. A ta uku gwiwoyinsa suka fara kaɗawa kamar fedar keke. A ta huɗu ya ga bango ya yi baƙi daga gefe yana matsowa tsakiya. Bai faɗi ba, wannan kam a rubuta masa. Ya dai sulale a hankali ya zauna, Baba ya sauka a matakalar da ke bayansa, har yanzu hannu na wuyansa.

Saura hamsin.

Ƙofofi suka fara buɗewa a ƙasa. Yaya ta ce da ƙaramar murya, "Bari in kira direba."

"Kada ki kira kowa," in ji Baba.

Ya saki wuyan ɗansa. Ya dafa tafin hannu biyu a kan siminti, hagu da dama. Hannun da ya yi shekara arba'in yana danna dutsen guga, ya kuma yi uku yana jan gangar jikin nan a kan gado. Ya ɗaga kansa sama kaɗan, kamar faɗin yatsa uku.

"Juyo ka riƙe min ƙafafun. In na ce sauka, ka sauka ɗaya."

"Baba, mutane na kallo."

"Na gan su. Sauka."

Haka suka yi. Zare a ƙasa da baya da baya, rungume da ƙafafun da ba sa jin komai, Baba a sama yana ɗaga jiki yana direwa, matakala ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya yi shekara biyu yana jin zafin faɗuwar hula, yau ga shi yana jan jiki a gaban duk gidan. A hawa na biyu matan nan suna tsaye, sun rasa inda za su sa ido. Baba ya ɗago, gumi na ɗiga daga gemu, ya ce, "Ku matsa, 'yan nan, motar ba birki." Ɗaya ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta shige ɗaki.

A kowace kwana suna tsayawa su yi haki tare. Wajen ta talatin tafin Baba ya sale, yana barin ɗan ja a kan siminti. Yaya na biye da su da takalmansa a hannu. Sai da suka ci minti arba'in kafin ƙafar Zare ta taɓa ƙasa a ƙofar shagonsa. Daga nan zuwa kujerar mota taku biyu ne, su biyu da Yaya suka kinkima.

An yi gashi, an naɗe masa tafin hannu, aka dawo wajen azahar. Mota ta tsaya a inda ta tashi. Direba ya kashe inji. Babu wanda ya buɗe ƙofa. Duk suna kallon bakin matakalar nan, kowa ya san hannu na iya saukar da mutum, amma ba ya hawa da shi, balle hannun da ke cikin bandeji.

Zare ne ya fara fita. Ya zagayo ya buɗe ɓangaren Baba, ya tsuguna a kan titi, ya ba da baya. Rigar da ke jikinsa tana rawa ita kaɗai.

"Hau, Baba."

Baba bai motsa ba.

"Baba, don Allah ka hau. Zan iya. Sai mu riƙa hutawa."

Baba ya ɗora hannu mai bandeji a tsakiyar bayan, ya bar shi a nan, kamar mai jin zafin jikin yaro. Sannan ya ce da Yaya, "Ki sa a sauko min da jakata. Da tabarau, yana kan taga."

Zare ya juyo a tsugune. "Kai ka ce in ka fita da jaka ba za ka dawo ba."

"Na ce."

"To?"

"Sati nawa littafin ya ce?"

"Sha biyu."

"Da hutun?"

"Da hutun."

"To ka ji. Ban taɓa ba ka aiki ka fara shi a kan lokaci ba. Wannan ka fara ranar da likita ta ce, kuma kada ka kuskura ka gama min shi da wuri. In ka cika, ka zo ka ɗauke ni." Ya janye hannunsa. "Ni kuma zan yi ƙoƙari in jira."

Yaya ta hau da kanta ta haɗo jakar. Da ta sauko idonta ya yi ja, ta tsaya a gaban ƙaninta kamar za ta yi faɗa, sai kawai ta gyara masa wuyan riga ta shiga mota. Zare na tsaye har suka sha kwana. Hawansa sama shi kaɗai ya ɗauke shi kusan abin da saukowarsu su biyu ta ɗauka.

Yanzu yana sati na uku. Ture ƙasa takwas, tsuguna ka tashi goma sha biyar, in ya kai lambar sai ya tsaya, ko da jiki na cewa akwai saura. Ya daina auna damtse. Ɗinkin mutane ma ya fara taɓa shi tun ranar da aka kawo, har wani ya tambaya ko lafiya.

Ranar Laraba ce mai wuya, don ranar hutu ce. Larabar da ta wuce Yaya ta bugo da la'asar. Ta ce ana zuwa gashi, ƙafafu ba laifi, sai dai Baba ba ya cin abinci sosai, kuma ya rage magana, jiya har mijinta ya shigo da wata riga mai karkatacciyar kafaɗa bai ce komai ba. Zare ya ce to. Ya ajiye wayar, ya fita filin gaban ƙofa, ya tsaya a daidai inda yake kifawa. Matarsa ta biyo shi ta jingina da ƙofa, hannu a kan ciki, tana kallonsa. Ya durƙusa har tafinsa ya taɓa siminti. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗauke hannun, ya juya ya zauna a matakala ta farko, ya matse su a tsakanin gwiwoyinsa.

"Saura sati nawa?" ta tambaya.

"Tara," ya ce. "Da kwana huɗu."